Baka da Ma'auninsa

Shirinmu na musamman yau ya leƙa rumfar masu sassaƙa baka, makamin da maharban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka karya dawakin Gobir da shi a Tafkin Kwatto a 1804. Batunmu shi ne ma'auni, wato samfurin da ake ɗorawa kan sabon itace a zana kafin gizago ya taɓa shi.

Baka yana son itace mai lanƙwasuwa ya dawo, irin dargaza da ɗunɗu. Ma'auni kuwa abin da ba ya motsi yake so. Ɗanyen itace yakan tsuke ya murɗe da zarar hunturu ya busa. Kwali na shan laima da damina, bakinsa ya cinye tun a zane na uku. Langa-langa ba ya kumbura, amma yana lotsewa, ya yi tsatsa, ya yanki hannu. Gawo, duk da ya cika gonakinmu, laushi gare shi, kuma ƙwari na cin sa. Abin da ya rage shi ne busasshen katako mai tauri, kamar na aduwa da ake allo da shi, wanda ya ga damina ya ga rani. Dalili a fili yake: in ma'auni ya karkace ko da faɗin farce, ɓangare ɗaya na bakan zai fi ɗaya ƙarfi, a ja tsirkiya kibiya ta kauce, kuma duk bakan da aka zana da shi ya gaji wannan aibi.

Wani zai ce kakanninmu da ido da taƙi suka auna. Gaskiya ne, amma idon nan shekaru ya yi a gefen uba kafin ya ƙware, yau kuwa samari na tafiya ci-rani, dattawa na ƙarewa. Wani kuma ya ce kowane reshe da halinsa, katako ba ya ganin gaɓa. Haka ne, ma'auni tsawo da faɗi kawai yake bayarwa. Lanƙwasa sai an ɗaura tsirkiya, ana ja ana kankarewa kaɗan-kaɗan.

Saboda haka muna kira ga sarakunan baka da mafarautan Damagaram: ku ɗauko tsofaffin bakunan da ke rataye a ɗaki, ku fitar da siffarsu a katakon ƙwarai, ku miƙa wa yara tun masu sanin suna raye.