Yaran Kicin A Tamanrasat: Abin Da Doka Ta Ce Da Abin Da Ke Shiga Aljihu

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Agadas, Arlit, Asamaka zuwa Tamanrasat ya san roƙon nan: "Alhaji, ka tafi mini da yaron nan, ko wanke-wanke ne a samo masa." Mu kan karɓa don zumunci, mu danƙa shi ga wani mai gidan abinci ko mai tukuba, mu koma kan dabinonmu. Da wuya mu tsaya mu ji nawa za a biya shi.

Aikin kam akwai shi. Daga kaka zuwa bazara masu yawon buɗe ido suna zuwa kallon duwatsun Ahaggar da Askirem, ga baje-kolin Assihar mai tara fatake daga Nijar da Mali. Gasasshen naman da garin ya yi suna da shi ma, har Larabawa da Buzaye "mainama" suke ce masa, kuma ba sai an gaya wa Bahaushe inda sunan ya fito ba. Bayan kowace tukuba da kowane kicin akwai yaro mai yanka albasa, mai hura wuta, mai kankare tukunya.

To me dokar Aljeriya ta tanadar masa? Mafi ƙarancin albashi, wanda suke kira SNMG, dinari 18,000 ne a wata tun 2012, ya koma 20,000 a Yunin 2020, sannan aka ɗaga shi zuwa 24,000 daga Janairun 2026. A nan sai a yi hattara da bakin mutanen ƙasar, domin da santim suke lissafi. In mai gida ya ce "miliyan biyu", dinari 20,000 yake nufi. Yaro ya ji miliyan ya aika gida da albishir, ƙarshen wata a ƙirgo masa abin da bai kai ma'aunin gwamnati ba.

Wannan albashi na awa 40 ne a mako. Dokar ƙwadago ta 90-11, ta watan Afrilun 1990, ta ce duk awar da ta haura a biya ta da ƙarin aƙalla rabin kuɗin awa, kuma a ba ma'aikaci hutun yini guda a mako. Hutun shekara kwana biyu da rabi ne kan kowane watan aiki, wato kwana 30, da albashinsa, kuma ma'aikatan jihohin kudu irin su Tamanrasat suna da ƙarin aƙalla kwana 10. Ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 16 ba sai dai a matsayin mai koyon sana'a, wanda bai kai 19 ba kuma ba a sa shi aikin dare, daga tara na dare zuwa biyar na asuba. Wanda ya san lokacin da gidajen abinci ke tashi a watan azumi zai gane inda aka dosa.

Sai rajista da asusun CNAS, wadda wajibi ce kan mai gida cikin kwana 10 da ɗaukar ma'aikaci. Ana cire kashi 9 cikin ɗari daga albashi, mai gida ya zuba kaso mafi tsoka daga aljihunsa, ma'aikaci ya samu katin Shifa na sayen magani da diyya in ya ji rauni a bakin aiki. A kicin kuwa, tsakanin wuƙa da tafasasshen mai da tukunyar gas, rauni ba baƙo ba ne.

Amma duk wannan a kan takarda ya rataya. Dokar 1981 kan ɗaukar baƙi aiki ta wajabta izinin aiki, kuma ƙwararru ta fi nufa da shi, ba mai wanke kwano ba. Dokar 2008 kuma ta sa tara kan wanda ya ɗauki baƙon da ba shi da takardun zama. Saboda haka mai gida ba zai kai sunan yaronmu CNAS ba, don tona wa kansa asiri ne. Abin da ya rage shi ne cinikin baki: kuɗin yini ko na wata, abinci, da tabarma a bayan shago. Gaskiya ne dokar 90-11 ta ce ko an soke yarjejeniyar aiki don ta saɓa doka, ladan aikin da aka riga aka yi ba ya faɗuwa. Sai dai wa zai je ofishin sufetan ƙwadago ya kai ƙara alhali tsoron ganin ɗan sanda yake?

Babbar asarar ma ba a ƙarancin kuɗin take ba, a ajiya take. Yara da yawa kan bar albashinsu wurin mai gida wata da watanni, wai sai za su tafi gida su karɓa a dunƙule. Samame kuwa ba ya sallama. Tun yarjejeniyar 2014 tsakanin Aljeriya da Nijar ake kwaso mutane a manyan motoci, wasu kuma a zube su a wurin da ake kira "Point Zéro", su taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Wanda aka kama da kayan aiki a jikinsa ba a ba shi damar komawa ya ce "patron, kuɗina".

A ganinmu, ɗan kasuwar da ya kai yaro shi ne waliyinsa a can. Ya zauna da mai gida gaban shaidu biyu, a faɗi kuɗin da dinari ƙarara, a faɗi ranar hutu da wanda zai ɗauki nauyin magani in an ƙone. A nemi biya duk mako. Abin da ya taru kuma kada ya kwana a kicin: a ba amintaccen ɗan kasuwa, a rubuta a littafi da lambar wayar iyayen yaron, a biya su da sefa ko naira a Damagaram, Maraɗi ko Katsina, tunda dinari ba ya da kasuwa in an wuce Asamaka.