Ma'anar Idin Ista a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Jama'a da dama sun ɗauka Kirsimeti ne babban idin Kirista. A wurin mabiya ɗariƙar Katolika kuwa, Ista ce gaba, domin ita ce ranar tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu, wanda a kansa imaninsu ya kafu. Azumin kwana 40 ke share mata fage, kuma a daren jajibirinta ake yi wa sababbin masu bi baftisma. Takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, watau cikin bazara, sa'ad da manoman Funtuwa da Malumfashi ke sharar gona. Saboda haka wa'azin ranar ba baƙo ba ne ga Hausawa 'yan Katolika na yankin, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne: kowane manomi ya san iri sai an binne shi yake tsirowa.