Efoksi ko Tayil: Wanne Ya Dace da Daɓen Gareji?

Duk wanda ya zuba kankare a garejin gidansa, ko a wurin gyaran motoci, ko a sito, akwai shawarar da ke jiran sa kafin ya shigar da kaya: da me za a rufe daɓen? Kankare tsirara yana tsotse baƙin mai, tabon ya zauna daram, samansa kuma yana ta sakin gari duk lokacin da taya ko tsintsiya ta bi ta kai. An daɗe a Kano da Kaduna da Abuja amsar ɗaya ce, a manna tayil. Yanzu efoksi ya shigo, wannan shafe mai sheƙi da babu tsagi ko gaɓa a jikinsa, wanda ake gani a ɗakunan baje kolin motoci da masana'antun magunguna da wasu asibitoci. Mai tayil yana yabon nasa, mai efoksi yana yabon nasa. Wanda zai biya kuɗin shi ya fi kowa buƙatar sanin bambancinsu, domin daɓe ba abin sauyawa kowace shekara ba ne.

Bambancin farko, wanda sauran duka suka samo asali daga gare shi, shi ne wurin da ake ƙera kowannensu. Tayil yumɓu ne da aka gauraya da yashi da garin duwatsu, aka matse, aka gasa a zafin da ya kai digiri 1,200 ko kusa da haka. Mai ƙarfin cikinsa, wanda 'yan kasuwa ke kira foselin, ruwan da yake tsotsa bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Tun a masana'anta ya gama zama abin da zai zama, aikin mai manna shi kawai ya zaunar da shi daidai. Efoksi kuwa a bokiti biyu yake zuwa, ɗaya ruwan gam, ɗaya sinadarin da ke daskarar da shi. Sai an haɗa su bisa ma'aunin da kamfani ya rubuta suke kama juna, su yi zafi, su zama roba mai tauri. Ke nan a kan daɓenka ake ƙera shi, a cikin zafi da ƙura da danshin ranar da aka yi aikin, a hannun mutumin da ka ɗauka.

Bakaniken da ya taɓa matse bututu biyu na gam ɗin Araldite ya cakuɗa su da tsinke ya riga ya san efoksi. Wani masanin sinadarai ɗan Suwizalan, Pierre Castan, ya haɗa irinsa a ƙarshen shekarun 1930 yana neman abin yin haƙoran roba, kamfanin Ciba na birnin Basel ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite a 1946, a daidai lokacin da Sylvan Greenlee ke irin wannan bincike a wani kamfanin fenti a Amurka. Gam ne tun asali, kuma ƙarfinsa da rauninsa duka suna wurin mannewa.

A fagen mai da tsafta efoksi ne a gaba. Baƙin mai da giris da gas ba sa ratsa shi, a goge da tsumma daɓe ya koma yadda yake. Man birki da ruwan batir ne kawai ba a barin su su kwana, don suna iya dusashe launinsa. Shi ma jikin tayil ɗin foselin ba ya shan mai, amma tsagin da ke tsakanin tayil da tayil siminti ne, kuma siminti yana sha. Cikin 'yan watanni layukan sun yi baƙi ƙirin, ruwan batir kuma yana cinye su sannu a hankali. A garejin gida wannan munin gani ne kawai. A masana'antar magani ko ta abinci matsala ce babba, domin ƙa'idojin sarrafa magunguna sun buƙaci daɓe mai santsi, mara tsagi, mai sauƙin wankewa, kuma efoksi ana iya ɗaga shi ya hau gindin bango a lanƙwashe yadda datti ba zai sami lungun maƙalewa ba.

A fagen nauyi sai an yi bayani biyu. Tayil yana da tauri amma ba ya jure duka, musamman inda mai aikin ya bar rami a ƙarƙashinsa. Ka ƙwanƙwasa shi da makulli, in ka ji yana amo kamar babu komai a ciki, to ranar da jak ya hau wurin da nauyin mota, ko babbar sifana ta faɗo, zai tsage. Efoksi ba shi da ƙarƙashin da zai yi rami, nauyin yana wucewa kai tsaye zuwa kankare, ƙananan tayoyin ƙarfe da na injin ɗaga kaya kuma suna gudu a kansa ba gargada. Amma wajen karce tayil ya fi shi nesa. Yashin da ke maƙale a tayar mota ya fi efoksi tauri, shi ya sa hanyar da taya ke bi take fara rasa sheƙi. Tartsatsin walda ma yana barin masa ƙuna. Wurin da ake walda da yankan ƙarfe kullum ba wurin efoksi ba ne.

Inda tayil ya fi nuna haƙuri shi ne danshi. Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma in ba a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa kafin a zuba shi ba, danshin ƙasa zai riƙa hawowa ta cikinsa duk damina. Tayil da aka zaunar da siminti yana barin wannan danshi ya fita ta tsagoginsa, iyaka a ga farin gishiri a layukan. Efoksi ba ya barin komai ya wuce. Ruwan sai ya taru a ƙarƙashinsa, ya tayar da ƙuraje, daga nan ya fara ɓarewa falle-falle. Saboda haka ƙwararru ba sa shafa shi a kan kankaren da bai kai kwana 28 ba, kuma ba sa farawa sai sun auna danshi. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi: a manna leda mai faɗin santimita 45 ta kowane gefe a kan daɓen, a rufe bakinta da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. In an ɗaga an ga raɓa ko wurin ya yi duhu, daɓen bai shirya ba. Gidajen da ke fadama ko kusa da rafi, inda ruwa ke kusa da saman ƙasa, su suka fi buƙatar wannan gwaji, kuma a damina ya kamata a yi shi, ba a tsakiyar rani ba.

Bayan danshi sai ƙarfin kankaren kansa. Kamfanonin da ke yin efoksin daɓe sukan shardanta kankaren da ƙarfinsa ya kai 25 a ma'aunin injiniyoyi. Daɓen da aka yi wa rowar siminti, wanda ƙusa ke iya karce shi ya fitar da yashi, efoksi zai manne da samansa sosai, sannan ya tashi tare da saman. Ko a kan kankare mai kyau ma sai an goge wannan siririn ɓawon siminti na sama da injin mai haƙoran lu'ulu'u, an zuƙe ƙurar, an cike tsagogi, an shafa share fage, kafin a zo ga shafen da ido zai gani. Yawancin wahalar aikin a nan take, kuma nan ne mai neman sauri yake tsallakewa. Tayil ba ya neman wannan duka. Yana zama a kan shimfiɗar siminti da yashi wadda ke rufe aibin daɓen da ke ƙasa, ko da yake yana ɗaga daɓen da 'yan santimitoci, abin da kan hana ƙofa rufuwa in ba a yi lissafi ba.

Yanayinmu ma ba ya yi wa efoksi sauƙi. Da zarar an haɗa bokitin biyu, lokacin aiki bai fi minti 20 zuwa 40 ba a matsakaicin zafi, kuma duk ƙarin digiri 10 yana kusan raba wannan lokaci biyu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, haɗin kan iya daskarewa a bokiti yana hayaƙi kafin a gama shimfiɗa shi. Mai sanin aiki yana haɗa kaɗan-kaɗan, ya juye a ƙasa nan take, kuma yana farawa da yamma lokacin da kankare ke hucewa, domin da hantsi iskar da ke cikin kankaren tana kumbura ta huda shafen ta bar ƙananan ramuka. Da hunturu ƙura ke sauka a kan ɗanyen shafe in ba a toshe ƙofofi da tagogi ba. Da damina laimar iska kan bar masa wani hazo mai danƙo a sama. Rana kuwa abokiyar gabarsa ce ta dindindin: tana mayar da shi rawaya, ta kashe sheƙinsa, sai dai in an rufe shi da wani shafen na daban mai jure hasken rana. Tayil bai damu da wata ko lokaci ba, launinsa kuma ba ya gushewa. Abin da yake buƙata shi ne a bar masa 'yar tazara a gindin bango, don kada zafi ya kumbura shi ya tashi tsaye.

Santsi kuwa laifinsu ne su biyu. Efoksi mai sheƙi da tayil mai sheƙi, in ruwa ko mai ya zuba, duk suna kayar da mutum. Ga tayil sai a zaɓi mai kaushi. Ga efoksi sai a watsa tataccen yashi a kan ɗanyen shafe kafin a yi na ƙarshe. Wanda ya ƙi yashin don kada sheƙi ya ragu ya sayi kyan ɗan maciji.

Ta fuskar kuɗi da gyara tayil ya fi kusa da hannun talaka. Ana yin sa a cikin gida, a Ajaokuta da jihar Ogun, ana samun sa a Ƙofar Ruwa da Dei-Dei da kowace kasuwar kayan gini, masu manna shi kuma suna kowane gari. In ɗaya ya fashe a cire a sa wani, muddin an ajiye kwali ɗaya na irinsa tun farko. Sinadaran efoksi galibi daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 tsadarsa ta ƙaru. Faci a jikinsa yana nunawa. Sai dai yana da wata falala: in ya tsufa ba a fasa komai, a goge samansa a sake shafe ɗaya.

Tsadar nan ce ta buɗe ƙofar ha'inci. Akwai mai sayar da fentin daɓe da sunan efoksi, akwai mai tsinka shi da tina don ya yalwata. Irin wannan siririn shafe shi ne tayar mota mai zafi ke ɗagowa in ta huce a kansa. Lissafi ɗaya ya isa ya kare mai gida: lita ɗaya ta haɗin da ba a tsinka ba tana rufe murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya. Garejin mota biyu mai mita 6 sau 6 murabba'in mita 36 ne, kaurin milimita 2 zai ci lita 72. Wanda ya yi maka alƙawarin wannan kauri ya zo da bokiti biyu masu lita 20 bai faɗa maka gaskiya ba. A tambaye shi da wane inji zai goge daɓen, yaya zai auna danshi, shafe nawa zai yi, kuma a je a ga aikinsa da ya ga damina biyu. A kuma lura da yaran da ke masa aiki. Ɗanyen efoksi yana jawo ƙaiƙayi da kumburin fata da kan zame wa mutum ciwon dindindin, ƙurar kankare da ta yankan tayil kuma suna lalata huhu. Maigidan da ya tsaya a kan a ba su safar hannu da abin rufe hanci ya sauke haƙƙin da ke wuyansa.

Hukuncina shi ne wannan. Inda wuri yake a rufe, kankare mai ƙarfi ne kuma busasshe, mai da tayoyi ne aikin kullum, tsafta kuma wajibi ce, efoksi na gaskiya a hannun ƙwararre ya fi tayil, kuma ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin a yi haƙurin kwana bakwai kafin mota ta hau. Inda rumfa ce a buɗe, ko ƙasa mai danshi, ko tsohon daɓen da ba a san yadda aka zuba shi ba, ko garin da babu mai injin goge kankare, tayil ɗin foselin mai kauri da kaushi, wanda aka zaunar ba rami, shi ne zaɓin mai hankali. Wanda kuma yake kan gini yanzu, ya fara kashe kuɗinsa a kan leda da isasshen siminti da ban ruwan kankare. In ya yi haka duka biyun za su yi masa aiki, zaɓin kuma ya rage nasa.