Yadda Gem Ke Zana Hoto 60 Cikin Daƙiƙa Ɗaya

Duk wanda ya saba buga ƙwallo a gidan gem ya san takaicin hoto ya sarƙe daidai lokacin da za a zura ƙwallo a raga. Me ke jawo haka?

Fim dai an riga an gama shi, nunawa kawai ake yi. Lokacin da kamfanin Pixar ke haɗa Toy Story, wanda ya fito a 1995, akwai hoton da shi kaɗai kan ci sa'o'i kafin kwamfuta ta kammala shi. Gem kuwa ba ya jira, domin ba wanda ya san inda za ka juya. Dole na'ura ta zana komai nan take, sau 60 a daƙiƙa in ana son motsi ya tafi sumul. Ga shi allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, kowanne sai an zaɓa masa launi.

Dabarar farko ita ce alwatika. Ɗan wasa, ƙwallo da fili duk da ƙananan alwatika aka gina su. Kamar yadda tukunya ke zama daram a kan duwatsun murhu uku, haka kusurwa uku kullum ke ba da shimfiɗa guda, wadda lissafinta ke da sauƙi.

Ta biyu, ma'ajiyar nisa, wadda Edwin Catmull ya bayyana a 1974. Na'ura tana riƙe nisan abin da ta zana a kowane ɗigo. Sabon abu in ya fi kusa sai ya rufe na da, in ya fi nisa a watsar da shi. Shi ya sa gola ke tare ragar da ke bayansa.

Ta uku, tsimi. Ɗan kallon da ke can ƙarshen fili alwatika kaɗan ake ba shi, tunda ido ba zai tantance ba.

Mai ɗaukar wannan nauyi shi ne GPU, ɓangaren da ke raba aikin ga ɗimbin ƙananan ma'aikata su yi shi lokaci guda. A 2018 kamfanin Nvidia ya fitar da samfurin RTX mai bin sawun haske yana lissafa inda zai faɗa, don inuwa da ƙyalli su yi kama da na gaske.

Idan aikin ya fi ƙarfin na'ura, ba ta gama hoto a kan lokaci, sai ka ga sarƙewa, waya kuma ta ɗau zafi. Rage inuwa da ingancin hoto a saiti yakan taimaka.

Ɗalibai, juya alwatika da matsar da ita aikin tirigonometiri ne da matiris, waɗanda ke cikin darasin lissafinku. Mai burin ƙera nasa gem, daga nan zai fara.