Abincin da Legas ta ƙi karɓa a 1970

Duk lokacin da na ji ana gardama a kan ko ya halatta gwamnati ta tare motar abinci a bakin iyaka, watan Janairun 1970 nake tunawa. A ranar 15 ga wannan wata Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa na wata 30 ya zo ƙarshe. Bindiga ta yi shiru, amma yunwa tana nan daram a yankin da aka kira Biyafara, inda ciwon kwashiyoko ya riga ya kumbura cikin yara bila adadin.

Duniya ta yi caa da tayin agaji. Gwamnatin Tarayya kuwa ta ce ba daga kowane hannu za ta karɓa ba. Ta ƙi taimakon Faransa da Fotugal da Afirka ta Kudu da Rodeshiya, ta kuma rufe ƙofa ga gamayyar coci-coci ta Joint Church Aid da ƙungiyar Caritas ta ɗariƙar Katolika. Gowon ya kira irin wannan taimako kuɗin jini.

Wannan fushi yana da tushe, kuma bai kamata ɗalibi ya tsallake shi ba. Faransa ta riƙa tura wa Ojukwu makamai ta Gabon da Kwaddibuwa. Jiragen coci sun yi sawu sama da 5,000 daga tsibirin Sao Tome, wanda a lokacin yake hannun Fotugal, suna sauka cikin dare a filin Uli ba da izinin Legas ba. A wannan filin kuma jiragen makamai ke sauka, cikin duhu ɗaya. Carl Gustaf von Rosen, matuƙin nan ɗan Suwidin da ya fara da jigilar abinci a 1968, shi ne ya dawo a Mayun 1969 da ƙananan jirage yana harba rokoki a filayen jiragen Nijeriya. Wanda ya ga haka, da wuya ka shawo kansa cewa buhun madara ba ya da siyasa. Sai ga Fafaroma Paul na Shida, ana dab da miƙa wuya, ya bayyana fargabar za a yi kisan ƙare dangi, alhali tawagar masu sa ido ta ƙasashen waje ta ce ba ta ga shaidar hakan ba tun 1968. Maganar ta ƙona ran Legas ƙwarai.

Duk da haka, a nawa ganin an yi kuskure a wuri guda, wato Uli. Fili ne da ke tsakiyar masu yunwa, ga abinci jibge a Sao Tome, ga matuƙan da suka san hanya. Gwamnati ta ƙi buɗe shi, ta ce komai ya bi ta hannun Red Cross ta Nijeriya, a kai shi da manyan motoci. Motocin ba su wadata ba, yaƙi kuma ya lalata hanyoyi da gadoji. Lord Hunt, wanda Firaministan Birtaniya Harold Wilson ya aiko, ya koma da rahoto mai kwantar da hankali. 'Yan jaridar da suka shiga yankin bayansa suka ba da labarin da ya fi nasa muni. Yaron da kwashiyoko ya ci ƙarfinsa ba ya iya jiran a gyara gada, kuma ba shi ya gayyato Faransa ba. Da an karɓi kayan, an sa jami'an Nijeriya su bincika su raba, ba na jin ikon ƙasa zai ragu da ko ƙwayar zarra.

Kisan da aka yi fargaba bai auku ba, wannan kuwa abin yabo ne ga Gowon. Limaman mishan 'yan Ailan da suka raba abincin a lokacin yaƙi, su kuma aka gurfanar da da dama daga cikinsu a kotu bisa laifin shiga ƙasa ba da izini ba, aka kore su.