Daga Jigo Zuwa Hasken Rana

Dattawan da suka yi noman rani a fadamun Haɗeja da bakin gulbin Rima ba su manta da jigo ba. Mutum ya wuni yana jan guga, ƙugu na ciwo, kafin ya shayar da 'yan fangulan albasa. Da aka soma shirin Fadama cikin 1993 da taimakon Bankin Duniya, sai ƙananan injunan fetur suka bazu, jigo ya zama labari. Lalle an sami sauƙi, amma fa tun daga nan shuka ba ta shan ruwa sai inji ya sha mai.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta zarce 1,000. Mai ban-ruwa sau biyu a mako ya koma sau ɗaya, tumatir ya yi yaushi. Nan ne waɗansu suka juya ga farantan sola, watau allunan nan masu mai da hasken rana lantarki. A kafa su bakin rijiya, rana na ɗagawa famfo ya kama zuba, ba ƙara, ba hayaƙi.

Masana sun daɗe suna faɗin cewa hayaƙin fetur da gas da kwal shi ke ɗumama duniya, har damina ta rikice, yau fari gobe ambaliya. Ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya, Jigawa na cikin inda ta fi ɓarna. A taron Glasgow na 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawarin Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060. Manomin fadama bai ji wannan jawabi ba, aljihunsa ne ya kai shi.

Sai dai kayan da tsada, dole a biya gaba ɗaya, shi ya sa maƙwabta kan haɗa kuɗi su saya tare. Hazon hunturu na rage ƙarfin famfo, ƙura kuma sai an riƙa sharewa. Ga ɓarayi, don haka da yawa kan loda allunan a amalanke su kai gida da magariba. Abin da ya fi damun masu lura da ruwan ƙasa shi ne, tun da ba a biyan rana, wani ya kan bar famfo na zuba har la'asar ko gonar ta ƙoshi, alhali rijiyarsa da ta maƙwabcinsa ruwa ɗaya suke ja.