Ƙera ƙafar roba sana'a ce ta masu ilimi

A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma waɗanda cutar ta shanye wa ƙafa suna nan, ga kuma waɗanda haɗarin babur da ciwon suga suka raba da gaɓa. Duk suna buƙatar gwanin da zai auna ƙafar da ta shanye ko dungulmi, ya ɗauki siffar wurin da filasta, ya ƙera mazaunin da ba zai goge fata ba, kamar yadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala. Wasu na cewa ai aikin maƙeri ne. Ko kusa. Sai an karanci ƙirar jiki da yanayin taku, domin ɗan kuskuren awo kan zama gyambo, musamman ga mai ciwon suga.